Abin da Na Faɗa wa Marama a Bakin Ƙofa

Litinin, 20 ga Oktoba 1986, ƙarfe shida na yamma

Yau manajanmu, Mista Cathcart, ya faɗa. Ya tara mu a ɗakin cin abinci lokacin shayin ƙarfe goma, mu ɗari biyu da ɗoriya, har da mazan sashen katako da garin zarto a gashinsu. Ya hau benci da takarda a hannu. Za a rufe kamfanin Larkin, inda muke haɗa talabijin, ranar 28 ga Nuwamba. Gwamnati ta buɗe ƙofa, yanzu kowa na iya shigo da talabijin daga Japan ko Koriya, kuma nasu yana sauka a tashar jirgin ruwa a haɗe cikin kwali, da arahar da namu ba zai taɓa kamowa ba. Ya ce ba laifin kowa ba ne. Sau uku ya faɗi haka.

Ba wanda ya yi kuka. Tukunyar shayi ce kaɗai ke ta tsuwa a kusurwa.

Dot Sowerby, wakiliyar ƙungiyarmu ta ma'aikata, ita ce ta ɗaga murya. "Tun yaushe kuka sani?"

Da ma ya yi shiru. Sai ya ce, "An sanar da shugabannin layi tun watan Agusta, bisa amana."

Shugabannin layin haɗa talabijin huɗu ne. Uku maza ne, ta huɗun ni ce.

Marama tana gefena, inda take zama shekara ashirin da biyu ke nan. Ta juyo ta dube ni. Ta ɗauki kofinta ta koma teburin su Dot.

Na ba dashen tumatir ruwa. Na dafa ƙwai biyu, na ci ɗaya.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Jiniyar kamfani ƙarfe bakwai da rabi. Zan je. Me zai hana ni zuwa?

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ba wanda ya yi mini rashin kunya. Da an yi, da na fi samun sauƙi. 'Yan matan layi da ke kirana Anti Noeline tun suna 'yan makaranta, yau Misis Pascoe na zama. "Misis Pascoe, dalma ta ƙare." "Misis Pascoe, ga allon nan." Da ladabi kamar a banki.

Marama ta yi aikinta. Ba a taɓa mayar mata da allon wayoyin da ta haɗa don gyara ba, yau ma haka. Da aka tashi ba ta jira ni a kwanar kantin madara ba. Na tsaya kaɗan, na yi kamar ina gyara igiyar takalmi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Ranar wasan bingo ce a zauren coci. Na sa riga, na ɗauki jaka, na zauna a kujerar kicin. Ina nan har yanzu.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Hutun ranar ma'aikata, kwana uku ba aiki. Kowace shekara a wannan hutun muke dasa tumatir, nawa da safe, na Marama da rana, sai ta yanko burodinta mai tsami mu ci da man shanu a bakin baranda. Na dasa nawa. Guda sha biyu sun rage a gwangwani, nata ne. Na mayar da su inuwa.

Ina dasawa ina tuna 1964. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, ni da Marama. Tsoho Mista Larkin da kansa ya gwada mu, wanda ya fara da gyaran rediyo a bayan shagon aski kafin yaƙi. Ya ba kowace zare da allura, ya ce wadda ta iya zura zare ba hannunta na rawa ita zai ba ƙarfen dalma. Marama ta zura a bugu ɗaya, ta ce masa, "Sai kuma me, in ɗinke maka wando?" Ya yi dariya har da tari.

A lokacin akwatin talabijin baƙi da fari muke yi, mai ƙananan kwalabe a ciki da ke ɗaukar zafi har kyanwa ta riƙa kwana a kai. Mijina Des yana sashen katako, yana goge akwatuna har ka ga fuskarka. Mutane na rubuta suna su jira wata huɗu kafin su samu. In ka ce daga Waikohe kake, a ko'ina a ƙasar nan, sai a ce, "Garin talabijin!" Da mai kala ya zo, gab da wasannin ƙasashen renon Ingila a Christchurch, mun yi mako tara muna aiki har Asabar. Ranar buɗe wasannin aka kunna guda ashirin a jere a sito, muka zauna kan kwalaye muna kallon ciyawa kore shar. Marama ta riƙe hannuna ta ce, "Noe, mu muka yi wannan ciyawar."

Des bai ga ƙarshen nan ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Yau ne karo na farko da na ji daɗin hakan, sai kuma na ji kunya.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ɗana Grant ya bugo waya daga Perth, can ƙetare. Ya ji labari wajen wani abokinsa.

"Mama, ki sayar da gidan ki taho. Me ya rage miki a can?"

Na ce kabarin babansa da tumatir.

"Anti Marama fa? Yaya ta ɗauki abin?"

Na ce lafiyarta lau. Ya ce waya na cin kuɗi, ya ajiye. Tun Juma'a ban yi magana da kowa ba sai shi, muryata ma ta dishe.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ruwan sama.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Mako guda ina kewaye abin nan. Bari in rubuta shi, tunda littafin ba mai karantawa.

Ranar Laraba ce, uku ga Satumba, mun fito daga aiki. A bakin ƙofar kamfani Marama ta riƙe hannun rigata. Ta ce an yi mata tayin aiki a kicin ɗin gidan tsofaffi na kan tudu, inda mahaifiyarta, Kaka Piri, take tun da hankalinta ya fara gushewa. Aiki na dindindin. Albashin bai kai namu ba, amma za ta riƙa ganin tsohuwar kullum. Sun ba ta zuwa Juma'a.

Ta ce, "Noe, ke kike shiga ofis. Ana ta raɗe-raɗi. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, za a rufe?"

A lokacin na yi kwana goma sha tara da sani.

Na ce, "Haba, Marama. Surutun Dot ne kawai. Ba ki ga odar Kirsimeti ba?"

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ranar Juma'a ta hau tudu ta ce musu ta gode.

Cathcart ya gaya mana cewa idan maganar ta fita mutane za su watse, odar ƙarshe ba za ta kammala ba, babban ofis na Auckland zai rufe nan take, kowa ya rasa kuɗin sallama. Mutum ɗari biyu. Na ɗauki alkawari. Wannan shi ne dalili.

Shi ne dalilin.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Bingo. Ban ma sa riga ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Cathcart ya kira ni ofis. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce za a bar mutum shida a sito zuwa ƙarshen Maris. Akwatunan Koriya za su riƙa zuwa, a buɗe kwali, a kunna a gani, a manna tambarin Larkin a gaba, a rufe. Yana son in zama cikin shidan.

Na ce, "Manna tambari?"

Ya ce, "Mutane sun yarda da sunan, Noeline."

Ya nuna mini ɗaya. Roba ce baƙa, da hannu ɗaya na ɗaga ta. Na buɗe bayanta don in sami abin kushewa. Allo ɗaya ne tal, tsaf, ba hannun mutum da ya taɓa shi. Hoton ya fi namu. Na daɗe ina nema, ban sami komai ba.

Na ce zan yi tunani.

Talata, 4 ga Nuwamba, lokacin abincin rana, cikin mota

Labari ya riga ni fitowa daga ofis. A layin karɓar shayi Dot ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ashe shiru ma sana'a ce. Da na sani da na koya tun ina yarinya." Aka yi dariya. Wata ta ce, "Ke, Dot? Ko a akwatin gawa sai kin yi magana." Aka ƙara dariya. Marama ba ta yi ba. Tana juya cokali a kofin da ba ta sa wa sukari.

Nan nake cin abinci yanzu. Motar na warin tsohuwar tabar Des har yau in rana ta buge ta.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na hau tudu bayan aiki, na nemi shugabar gidan tsofaffi. Mace ce mai kirki, ta ba ni kujera. Na tambaye ta aikin kicin. Ta ce tun Satumba aka ba wata mai yara uku, kuma tun da aka yi sanarwa mata arba'in da ɗaya sun kawo takarda, ba ta da ko gurbin shara.

"Na so Marama," in ji ta. "Na ma ƙara mata kwana biyu. Ta ce ƙawarta ta tabbatar mata."

Na ce haka ne.

Ban shiga na gai da Kaka Piri ba. Na hango ta ta taga, an lulluɓe mata gwiwa da bargo.

Yara na ta harba wasan wuta a filin ƙwallo tun rana ba ta faɗi ba. Karnukan unguwa sun haukace.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana

Gidaje biyar a titinmu an kafa musu allon sayarwa. Mai nama ya ce zai rufe bayan Kirsimeti. Ya auna mini tsiren alade biyu, ya naɗe, ya miƙo, duk bai ɗago kai ba. Matarsa tana layi na biyu.

Tumatir ɗin gwangwani sun yi tsawo sun fara rawaya. Na ba su ruwa.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na koma wurin Cathcart na ce a ba Marama gurbina na sito. Ya shafa fuska, ya ce babban ofis sunana ya sani. Na ce to su koyi nata, ta fi ni ido. Sannan ya ce in ta yarda, shi zai san yadda zai yi.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na tare Marama a ɗakin ajiye riguna, kowa ya fita. Mako uku rabona da jin muryarta a kaina. Na faɗa mata maganar aikin sito da sauri kafin ta wuce.

Ta gama sa maɓallin rigarta tukuna. "Zuwa yaushe?"

"Ƙarshen Maris."

"Daga nan fa?"

Na ce ƙila wani abu ya fito.

"Ƙila." Ta rataya jaka. "Kiri ta samo mini aiki a Sydney, wurin wankin asibitin da take. Ranar tara ga Disamba zan fara. In ban je ba, wata za a ba."

Kiri 'yarta ce. Ni na riƙe ta ranar da aka yi mata baftisma.

Na ce, "Kaka Piri fa?"

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Kada ki kuskura ki sa sunan uwata a bakinki." Sai ta sassauta murya, wanda ya fi muni. "Na taɓa sakin aiki ɗaya a kan maganarki, Noeline. Ba zan saki na biyu ba. Riƙe tambarinki ki manna."

Noeline. Tun 1964 ba ta kira ni da cikakken sunana ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo. Karo na farko tun jana'izar Des.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

An rufe sashen katako yau. Wasu mutane daga Hamilton sun zo da babbar mota sun kwashe injuna. Bencin Des yana ciki, na gane shi da ƙonewar da ke gefensa inda yake ajiye taba. Na tsaya a taga har suka ɗaure shi da igiya.

Na ce wa Cathcart na karɓi aikin sito. Ban san me zan yi da safiya ba in babu jiniya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je coci, na zauna a baya, na fito kafin shayi.

Na kunna talabijin don a ji murya a gidan. Wani mutum da taye yana bayanin cewa ƙasa ba za ta ci gaba da biyan mutane su haɗa abin da wasu suka fi su iyawa ba. Ya ce wasu kamfanonin ma a warware suke sayo kayan daga Japan, su ɗaure kusoshi a nan su ce sun ƙera. Ba ƙarya ya yi ba, a 'yan shekarun nan kusan haka muke yi. Amma bai zo nan a 1964 ba, lokacin da har wayar tiransifoma mu ke naɗawa da hannu. A cikin akwatin da Des ya goge yake magana. Fuskarsa ta ɗan yi ja, na tashi na daidaita masa kala.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ba komai.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Na bi ta titin su Marama da mota, ba hanyata ba ce. Kayanta a kan ciyawa, ana sayarwa: kujeru, keken ɗinki, tukwane. Dot tana karɓar kuɗi. Ban tsaya ba.

Na dawo na zubar da tumatir ɗin gwangwani a ramin taki.

Talata, 25 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Alkawarin da na yi wa Cathcart gaskiya ne. Mutum ɗari biyun ma gaskiya ne. Amma Marama ba ta da surutu. Da na ce mata kawai, "Karɓi aikin, kada ki tambaye ni," da ta karɓa, kuma ba wanda zai ji. Na san haka a bakin ƙofar. Na san shi tun kafin ta gama tambaya.

Jiniya ta kusa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

An gama.

Akwati na ƙarshe ya sauko layi ƙarfe biyu saura. Mai inci ashirin da shida, cikin katako na ƙarshe da maza suka ajiye musamman. An ce ɗakin tarihi na gari za a kai shi. Kowa ya rubuta sunansa a cikin murfin baya, har masu shara. Mai ɗaukar hoto na jarida yana jira, Cathcart yana jira, saura ni in duba in buga hatimi.

Na kunna. Kusurwar hagu ta sama tana ɗan kore.

Cathcart ya raɗa mini, "Noeline, ba wanda zai kalle shi. Buga kawai."

Na ce, "Bai wuce ba."

Dot ta ce da ƙarfi, "Ku ji fa! Yau ta iya faɗin gaskiya, a kan akwati!" Wannan karon dariyar har da ni a ciki, ban san yadda aka yi ba. Ina dariya hawaye na zuba.

Marama ta ture mutane ta zo da ƙaramin sukudireba. Ta zura hannu ta baya, ni ina gaba ina kallon hoto, kamar kullum. "Ƙara. Ƙara. Ya yi yawa, koma. Tsaya nan." Minti biyu. Ta zare hannu ta goge a riga. Na buga hatimi, aka yi tafi, aka danna jiniya aka bar ta tana kuka har sai da wani ya kashe.

Ana liyafa a zauren ƙwallo yanzu, ina jin kiɗan daga nan. Na kai farantin kek na ajiye a bakin tebur na fito.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Mu shida a ginin da ke ɗaukar ɗari biyu. In ka ajiye almakashi sai ƙarar ta je bango ta dawo. Na manna tambari tamanin da huɗu.

Alhamis, 4 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

An ƙwanƙwasa ƙofa ina wanke kofi. Marama ce. Ba ta shigo ba.

"Motarki tana tafiya?"

Na ce tana yi.

"Jirgina jibi ne, ƙarfe biyu. Dangi sun yi mini bankwana jiya, an yi kukan an gama, ba na son a sake a filin jirgi. Ki zo ƙarfe takwas."

Ta leƙa bayana ta ga lambu. "Kin dasa su kusa da juna da yawa," ta ce, ta tafi.

Juma'a, 5 ga Disamba, da yamma

Na wanke motar ciki da waje. Na sa mai. Na duba taya sau biyu.

Asabar, 6 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Akwati biyu ne da ita da jakar hannu. Mun wuce kamfani ba wanda ya juya. Mun bi ta kwazazzabo, mun fito fili, shanu ta ko'ina. Awa guda ba magana sai "rage gudu" da "buɗe taga".

A kan doguwar hanyar nan mai miƙewa ta ce, "To, ina ji. Me ya sa?"

Na fara da Cathcart da kuɗin sallama.

"Wannan na ji shi a bakin Dot. Ke nake tambaya."

Na sauka gefen titi na kashe mota. Na ce mata tun da Des ya rasu, daga ƙarfe biyar na yamma zuwa bakwai na safe ba na magana da kowa. Na ce da aka gaya mini saura wata uku, abin da ya fara zuwa raina ba mutum ɗari biyu ba ne. Kujerar gefena ce. Ba zan iya zama wata ukun nan ina kallon kamfanin yana mutuwa wata daban na zaune a kujerarta ba. Na so ta tsaya, shi ya sa.

Wata motar madara ta wuce ta girgiza mu.

"Wata uku," in ji ta. "Don wata uku." Ta kalli shanu. "Kan tudu ne fa, Noe. Minti goma a ƙafa. Da kullum sai na biyo ta gidanki na sha shayi, sakarya."

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki yi ba." Ta fyace hanci. "Ta da mota, kada ki sa in rasa jirgi ma."

A filin jirgi na ɗaukar mata akwati ɗaya. Da aka kira su ta tsaya ta buɗe jaka, ta ciro matajin ƙaho ta sa mini a hannu.

"Ban yafe ba. Ƙila in yafe, ƙila kuma a'a, kada ki zauna jira. Amma 'yan'uwana maza ne, sau ɗaya a wata suke hawa tudun nan, su tsaya a kan uwata kamar masu jiran bas. Ki je Lahadi ƙarfe biyu. Ba ta son ma'aikatan su taɓa mata gashi. Daga ƙasa ake farawa."

Na ce to.

"Za ta tambaye ki ina nake. Su can suna ce mata ina wurin aiki. Ke kada ki yi mata haka. Ki faɗa mata."

Na ce to.

Ba ta rungume ni ba. Ta ɗan ja kwalar rigata ta daidaita, ta shige.

Na yi kuskuren hanya sau biyu kafin in fita daga Auckland.

Lahadi, 7 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Na sami Kaka Piri a falo kusa da taga. Ta ƙanƙance, amma gashin yana nan, fari, har kugu. Ta daɗe tana dubana.

"Ke ce Baturiyar Marama. Mai ɗan ƙaramin miji."

Na ce ni ce, Kaka.

Na warware kitson na fara daga ƙasa. Ta ce hannuna da sanyi. Can ta ce, "Ina Marama?"

Wata ma'aikaciya da ke tura keken magani ta yi mini alama da ido.

Na ce, "Ta tafi Sydney, Kaka, wurin Kiri. Ta sami aiki a can. An rufe kamfani."

"Yaushe za ta dawo?"

"Ban sani ba."

Ta yi kuka, ba ƙara, kafaɗunta kawai ke motsi. Na tsaya da mataji a hannu har ta lafa. Bayan ɗan lokaci ta manta, ta sake tambaya, na sake faɗa. Sau huɗu. A na uku ta zage ni da yarensu, na gane zagi ne. A na huɗu ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta shafa kitson da na gama, tun daga sama har ƙasa.

"Bai yi kyau ba," ta ce. "Mako mai zuwa ki ƙara ja."

Na tashi zan sa jaka. Ta riƙe bakin siket ɗina.

"Ina za ki? Ba a kawo shayi ba."

Na koma na zauna.